Yadda muka lissafa nauyin girgizar ƙasa ga janareto da tankin ruwa na wani asibiti a Garwa

A cikin takardar sharuɗɗan kwangilar da aka ba ofishinmu domin faɗaɗa wani asibiti mai zaman kansa a Garwa, a arewacin Kamaru, akwai layi guda da ya ce dukkan gine-gine da injuna da abin da ke ɗauke da su za a lissafa su bisa Eurocode 8, wato kundin ƙa'idojin Turai na gini a wuraren da ƙasa ke girgiza. Masu ba da kuɗin aikin daga Turai suke, kuma ba su haɗa wa layin taswira ko adadi ba. Yawancinmu a nan mun koyi sana'a ne da ƙa'idojin Faransa na da, BAEL 91 a kankare, CM66 a ƙarfe, NV65 a iska, alhali ita Faransar tun da dokar watan Oktoba na 2010 ta fara barin PS92, tsohon kundinta na girgizar ƙasa, ta koma Eurocode 8. Babban ginin an riga an ba wani ofishi. Abin da ya faɗo hannuna abubuwa biyu ne da mutane ke ɗauka ƙanana: mazaunin janareto mai nauyin kilo 2,400 da za a ɗora a rufin kankare na bene, da hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 8 da za ta ɗauki tankin ruwa na lita 10,000.

Ɗora janareto a sama ba ƙawa ba ce. Filin asibitin yana gangare ne wajen kogin Binuwai, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2012 a wannan yanki, ko ya san yadda hankalin mutane ke tashi idan aka ce za a buɗe madatsar Lagdo, ba zai so injin da ɗakin tiyata ya dogara da shi ya zauna a ƙasa ba. Sai dai guje wa ruwa ya kai injin inda girgiza ta fi ƙarfi, domin a gini, motsin da ake ji a rufi ya ninka wanda ake ji a harsashi.

Tambayar farko da mai asibitin ya yi mini ita ce wadda kowa zai yi. Ya ce, "Injiniya, tun kakannina ban taɓa jin ƙasa ta motsa a Garwa ba, yanzu kuɗin me za ka sa ni kashewa?" Na ce masa, "Ranka ya daɗe, gaskiyarka ce cewa ƙasarmu ba irin ta Turkiyya ko Maroko ba ce, amma ba a kan tabarma mai santsi muke zaune ba." Jerin duwatsun aman wuta na Kamaru ya taso daga tsibiran teku, ya bi ta Dutsen Kamaru wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000, ya ratsa tafkin Nyos inda iskar da ta fito daga ruwa ta halaka mutane fiye da 1,700 a watan Agustan 1986, ya haura tudun Adamawa, kuma duwatsun Rumsiki da baƙi ke zuwa ɗaukar hoto ragowar tsohon aman wuta ne. Akwai kuma babbar tsagar ƙasa da ta ratsa Adamawa ta nufi Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kuma a 1987 an ji girgiza a yankin Tibati. Na ƙara masa da cewa Akara ta girgiza a 1939, arewa maso yammacin ƙasar Gini ta girgiza a watan Disamban 1983 har ɗaruruwan mutane suka rasu, mutanen Mpape a Abuja kuma sun kwana a waje a watan Satumban 2018. Duk waɗannan wurare ne da mazaunansu ke cewa ƙasarsu ba ta motsi. Ƙa'idar tana magana ne a kan girgizar da ke dawowa sau ɗaya a shekara 475 a matsakaici, wato mai yiwuwar kashi 10 cikin ɗari a shekara 50, kuma tunawar kakanni ba ta kai wannan nisa ba.

Mataki mafi wuya a aikin duka shi ne na farko, zaɓen adadin fizgar ƙasa, wanda ake aunawa da kason ƙarfin jan ƙasa da ake rubutawa g. A Turai injiniya yakan buɗe ratayen da ƙasarsa ta haɗa wa kundin ya ga lardinsa da adadinsa. Ni kuwa sai na koma taswirorin duniya, ta GSHAP ta 1999 da ta gidauniyar GEM ta 2018, waɗanda suka sanya yankinmu cikin masu ƙarancin haɗari, amma da alƙalami mai kauri, domin tashoshin auna girgiza a wannan sashe na Afirka ba su da yawa kuma tarihin da aka rubuta gajere ne. Bayan musayar wasiƙu da ofishin da ke duba lissafi a madadin masu ba da kuɗi, muka tsaya a kan 0.05g a kan dutse. Na nace a rubuta a shafin farko cewa wannan adadi yarjejeniya ce tsakaninmu domin wannan aiki, a kuma rubuta dalilinta, don kada wani ya ɗauke shi gobe ya ce ai doka ce ta Garwa. Ina ganin wannan shafi ya fi kowane shafi a kundin daraja, domin kowane adadi da ya biyo baya daga gare shi ya fito.

Daga nan sai ƙa'ida ta fara ninkawa. Asibiti yana aji na huɗu a muhimmanci, tare da ofisoshin kashe gobara da tashoshin wuta, wato ginin da dole ya ci gaba da aiki bayan girgiza, kuma ana ninka fizgarsa da 1.4, sai 0.05g ya zama 0.07g. Sai kuma ƙasar da ginin ke kai. Rahoton binciken ƙasa ya nuna yashi da laka na kogi masu matsakaicin tauri, bugun gwajin SPT, wato yawan dukan guduma da ake yi kafin bututun gwaji ya nutse wani zurfi a ƙasa, yana tsakanin 18 da 35, kuma ramin ya wuce mita 20 bai tarar da dutse ba. Wannan ya sa filin a rukunin C, wanda bugunsa ke tsakanin 15 da 50. Na duba batun zurfin dutsen da kyau, domin Garwa tana kan dutsen yashi, kuma da an tarar da shi tsakanin mita 5 da 20 a ƙarƙashin lakar, da filin ya faɗa rukunin E mai ninkin da ya fi na C. Tun da girgizar da ake tsammani a nan matsakaiciya ce wadda ba ta wuce maki 5.5 ba, sai na ɗauki nau'i na biyu na zanen amsawa, wato zanen da ke nuna fizgar da gini zai ji gwargwadon saurin kaɗawarsa, inda ninkin rukunin C yake 1.5. Fizgar da ke isa ƙarƙashin ginin ta zama 0.105g, fiye da ninki biyu na inda muka faro.

Wannan adadi ya rufe wata ƙofa da ɗan kwangilar ke fatan a bi. Eurocode 8 ya yarda a bar lissafin girgiza gaba ɗaya idan haɗarin ya yi ƙasa ƙwarai, wato fizga a kan dutse ba ta wuce 0.04g ba, ko kuma bayan ninkin ƙasa ba ta wuce 0.05g ba. Mu mun haura duka biyun. Da gidan kwana ne a kan dutse a wata unguwa ta tudu, da maganar ta bambanta, amma asibiti a kan lakar kogi ba shi da wannan rangwame.

Kafin in taɓa na'urar lissafi, sai da na raba abubuwan biyu, domin hanyarsu ba ɗaya ba ce. Janareton ɗan ƙaramin kaso ne na nauyin benen da ke ɗauke da shi, saboda haka ba ya canza yadda ginin ke kaɗawa, shi ne dai ke karɓar abin da ginin ya miƙo masa. Irin wannan ana lissafa shi da sashe na 4.3.5, na abubuwan da ba ƙashin gini ba. Tankin kuwa ya fi hasumiyarsa nauyi nesa ba kusa ba, don haka shi da ita gini guda ne mai zaman kansa, mai nauyi a ka, irin wanda ƙa'idar ke ware wa kulawa ta musamman idan rabin nauyi ko fiye yana cikin kashi ɗaya bisa uku na sama. Kundin Amurka, ASCE 7, ya ja wannan layi da adadi: idan abin da aka ɗora bai kai kashi 25 cikin ɗari na jimillar nauyinsa da na mai ɗaukarsa ba, a bi babi na 13, idan ya kai, a bi babi na 15. Na ari wannan ma'auni domin tabbatar da rabon da na yi, kuma bai bar shakka ba a ko wanne ɓangare.

Lissafin janareton ya ta'allaƙa ne a kan abu biyu, tsayin da yake a ginin da kuma lokacin kaɗawarsa, wato sakan nawa yake ɗauka ya je ya dawo sau ɗaya, idan aka gwada da na ginin. Benen firam ne na kankare mai tsawon mita 7.5, kuma da hanyar ƙiyasi ta ƙa'idar, 0.075 sau tsawo a ƙarfin uku bisa huɗu, lokacin kaɗawarsa ya fito sakan 0.34. Ƙa'idar tana ninka fizgar ƙasa da wani adadi da ke ƙaruwa da tsayi, yana kuma ƙaruwa idan lokutan biyu suka kusanci juna. Idan injin yana ƙasa a ɗaure tamau, ninkin 1 ne. Idan yana rufi a ɗaure tamau, ninkin 2.5 ne. Idan kuwa yana rufi kuma lokacin kaɗawarsa ya zo daidai da na ginin, ninkin ya kai 5.5.

A nan ne takardar mai sayar da injin ta zama abin dubawa da idon basira. Injin yana juyawa sau 1,500 a minti domin ya ba da wuta mai hertz 50, kuma don kada rawarsa ta sauka ɗakunan marasa lafiya, kamfanin ya ɗora shi a kan sifirin na ƙarfe guda shida, waɗanda takardar ta ce kowanne yana lotsawa milimita 25 idan nauyi ya hau. Da injin ya iso ma'ajiya na je na durƙusa da ma'auni na gani da idona: sifirin ne tsirara, a tsaye tsakanin faranti biyu, babu kwalba da ta rufe shi, babu wani ƙarfe a gefe da zai tare shi, kuma da mutum biyu suka dafa kan injin suka saki, sai ya yi ta rausaya hagu da dama kafin ya natsu. Sifirin mai lotsawar milimita 25 yana kaɗawa kusan sau 3 a sakan, lokacinsa kusan sakan 0.32 ke nan, kuma taurinsa ta gefe bai yi nisa da na tsaye ba. Ginin yana 0.34. Abin da aka saya domin kwantar da rawar injin ya ajiye shi daidai inda girgiza za ta fi cin sa.

Nauyin injin, a ma'aunin ƙarfi, kiloniyutan 23.5 ne, wato kilo 2,400 ɗin nan. Na ninka 0.105 da 5.5, na samu kusan 0.58. Ƙa'idar ta ce maɗaurin injunan da ran mutane ya dogara da su a ninka shi da aƙalla 1.5, kuma janareton ɗakin tiyata ba ya buƙatar hujja a wannan. Akwai kuma adadin da ake rabawa da shi saboda iya lanƙwasawar abu kafin ya karye, wanda teburin ya ba 1 ko 2. Injuna a kan sifirin ba sa cikin jerin teburin da suna, ni kuma na ɗauki 1, domin bol a cikin kankare ba ya lanƙwasa ya ba da gargaɗi, fizgewa yake yi da ɓallin kankaren a jikinsa. Sakamakon shi ne kiloniyutan 20.4 na turi ta gefe, wato kusan kashi 87 cikin ɗari na nauyin injin, a ƙasar da muka fara da 0.05g. Da an ɗaure shi kai tsaye ba sifirin, da turin kiloniyutan 9.3 ne kawai.

Sai na gwada da iska, domin ita ce muka saba tsoro, musamman guguwar farkon damina da ke yaye kwanon rufi a unguwanni. Gefen injin murabba'in mita 5 ne, kuma da matsin da aka ɗauka wa aikin da ninkinsa na aminci, iska ba ta kai kiloniyutan 9 ba. Iska tana neman faɗi ne, girgiza kuma tana neman nauyi, shi ya sa allon talla ke tsoron guguwa, injin da ya dunƙule tan biyu da rabi a ɗan wuri kuma girgiza ce maganarsa. Abin yana kama da buhunan siminti a bayan a-kori-kura lokacin da direba ya taka burki ba zato: ba wanda ya tura su, motar ce ta canza tafiya a ƙarƙashinsu, kuma mafi nauyi shi ne ya fi dukan allon gaba.

Tsakiyar nauyin injin tana mita 0.9 sama da gindinsa, tazarar ƙafafunsa ta gajeren ɓangare kuma mita 1.2. Turin yana son kifar da shi da 18.4, nauyinsa yana riƙe shi da 14.1, duka a kiloniyutan-mita, saboda haka ƙafafun gefe ɗaya za su ɗaga. Mai duba lissafin, wanda ya yi aiki da kundin Amurka shekaru da yawa, ya sake bin abin ta hanyarsa. A bugun ASCE 7 na 2016 ana ninka kashi 40 cikin ɗari na fizgar gajeren lokaci da nauyi, da ninkin tsayi wanda yake 3 a rufi, da 2.5 na injin da ke kan sifirin, a raba da 2, a ninka da 1.5 na muhimmanci, sannan akwai ƙaramin rubutu a ƙasan teburin da ya ce dole a sa wa irin wannan injin matari a kowane ɓangare, kuma idan ratar da ke tsakaninsa da matarin ta wuce milimita 6 a ninka turin biyu. Da ya ninka, ya iso kusan kashi 85 cikin ɗari na nauyi, dab da nawa. Mun yi hattara a wajen juya adadin, domin fizgar Amurka daga girgiza mai dawowar kusan shekara 2,475 ake ciro ta a ɗauki biyu bisa uku, kuma wanda ya ɗebo adadi daga kundi ɗaya ya zuba a ƙa'idar ɗayan ba tare da juyawa ba, lissafinsa ya lalace tun daga tushe. Bugun 2022 ya sake fasalin wannan ƙa'ida, amma mu na 2016 muka yi gwajin da shi.

Maganin bai yi tsada ba idan aka gwada da kuɗin injin. Aka sauya sifirin tsirara da irin wanda ke cikin gida na ƙarfe mai matari da roba, da rata ƙasa da milimita 6. Aka zuba dakali na kankare a kan bim biyu na rufin maimakon tsakiyar shimfiɗa, rodinsa a sarƙe da na bim, domin dakalin da aka zuba a kan busasshen kankare ba tare da sarƙa ba shi ma zamewa zai yi da injin a kansa. Bol ɗin an binne su tun lokacin zubi, kowanne da faranti a gindi, nesa da bakin dakalin. Na ƙi yarda da bol ɗin da ake fasa rami a buga daga baya irin na kasuwa, domin ƙa'idar maɗaurai a kankare, EN 1992-4, tana neman wanda aka gwada a kankare mai tsaga, aji C1 ko C2, kuma babu mai sayarwa a nan da ya iya nuna mini wannan takarda. Bututun man dizal da na hayaƙi da wayoyin wuta duk aka sa musu gaɓa mai lanƙwasa, domin injin da ya tsira a mazauninsa amma bututun mansa ya tsinke a kan rufin asibiti, gobara ya haifar.

Hasumiyar tankin ta fi sauƙin tunani, ko da yake adadinta sun fi girma. Ruwan tan 10 ne, tankin kilo 600, ƙarfen hasumiyar kusan tan 1.9. Na tara ruwan da tankin da kusan rabin ƙarfen a sama, tan 11.5, wato kiloniyutan 113. Ruwa a tanki ba duka yake bin tankin ba, abin da George Housner ya bayyana a 1963 bayan nazarin tankunan da girgizar Chile ta 1960 ta lalata: wani kaso yana tafiya da bango kamar daskararre, wani kuma yana tangaɗi a sama a hankali. Ga tankinmu mai faɗin mita 2.3 da zurfin ruwa mita 2.4, teburin kashi na huɗu na Eurocode 8 ya nuna kusan uku bisa huɗu na ruwan ne ke bin bango, ragowar kuma lokacin tangaɗinsa kusan sakan 1.6 ne, can inda zanen amsawa ya riga ya faɗi ƙasa. Na ɗauki ruwan duka a matsayin mai bin bango, wanda ya fi nauyaya lissafi, na kuma sa a sauke bututun ambaliya kaɗan domin a bar sarari a ƙarƙashin murfi.

Da tokare na gicciye a fuskoki huɗu, lokacin kaɗawar hasumiyar ya fito kusan sakan 0.3, kusa da 0.25 inda ƙololuwar zanen ke ƙarewa, don haka na ɗauki ƙololuwar ba tare da ragi ba: 0.105 sau 2.5, a raba da 1.5, ya ba da 0.175. Na tsaya a 1.5 ne da gangan. Ƙa'idar tana ba da ragi mafi girma ga firam ɗin ƙarfe da aka tsara domin ya lanƙwasa ya sha girgiza, amma tana neman sharuɗɗa a ingancin ƙarfe da walda da gaɓoɓi waɗanda ba zan iya rantsuwa an cika su a bita ta gefen titi ba, kuma ragin da ba a biya farashinsa a wajen aiki ba yaudarar kai ne. Turin ya zama kiloniyutan 19.7 a tsayin mita 9.2. Da tazarar ƙafafu mita 2.5, kowace ƙafa tana samun jan sama na kiloniyutan 36, kuma idan aka ƙara kashi 30 cikin ɗari na girgizar da ke zuwa ta ɗaya ɓangaren kamar yadda ƙa'ida ta ce, ƙafar kusurwa ta kai 47. Nauyin da ke danne ta kusan 31 ne. Saura kiloniyutan 16 na tumɓukewa. Iska kuwa mafi muninta shi ne lokacin da tanki yake fanko, kuma a nan tumɓukewar ba ta kai 9 ba ta fuska ɗaya. Saboda haka sai an duba hasumiya sau biyu, fanko da iska, cike da girgiza, kuma a wannan aiki cikakken tanki ne ya yi hukunci.

Ƙafafun da maigidan walda ya saba sawa wa irin wannan hasumiya sun isa ba tare da ƙari ba, kuma na faɗa masa haka domin ya san ba neman aibu na zo ba. Dattijo ne da ya tayar da hasumiyoyin ruwa da yawa a gari. Inda muka daɗe muna magana shi ne tokare da gindi. Al'adarsa ita ce ya ɗan ɗiga walda a inda angul biyu suka gicciye, ya manna bakinsu a jikin ƙafa, sannan ya dasa ƙafar a rami ya zuba kankare. Ya ce, "Yaro, ruwa tan goma ne a sama, wa zai ɗaga shi?" Na ce, "Baba, nauyin nan da kake ganin yana danne ta, shi ne zai ja ta gefe, kuma hannunsa ya fi tsawo, mita tara a kan biyu da rabi." Na zana masa a ƙasa da guntun rodi, na nuna hanyar da turin zai bi: daga ruwa zuwa bangon tanki, daga tanki zuwa dandamali, daga dandamali zuwa tokare, daga tokare zuwa ƙafa, daga ƙafa zuwa faranti da bol, daga nan zuwa harsashi da ƙasa. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ɗora yatsa a tsakanin tanki da dandamali ya ce ai nan babu abin da ya riƙe shi sai zamansa. Gaskiya ya faɗa, kuma nan ne ramin da ke cikin yawancin hasumiyoyin da nake gani a Garwa da Marwa da Kusseri, tanki a zaune kawai bisa katako ko ƙarfe. Kundin Amurka ya hana a dogara da gogayyar da nauyi ke haifarwa wajen riƙe kaya, domin girgiza tana da motsin sama da ƙasa da ke sassauta wannan nauyi a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Shi da kansa ya kawo shawarar zoben angul a kewayen gindin tankin da ɗamara biyu ta ƙarfe, kuma ta fi wadda na zana sauƙin haɗawa.

Tokaren aka yi musu faranti a kowace gaɓa, da bol biyu a kowane baki. Harsasai huɗu da aka saba yi daban-daban aka haɗe su da bim a ƙasa, aka ƙara musu kauri har nauyin kowanne da ƙasar da ke kansa ya rinjayi tumɓukewar da rata mai kyau. Bututun da ke sauka daga tankin aka sa masa gaɓa mai lanƙwasa kafin ya shiga ƙasa. Ranar zubin kankare na tsaya a kan bol ɗin da kaina, domin a nan ne lebura mai gaggawa yakan karkatar da su ko ya bar su kusa da baki, kuma bayan kankare ya kama babu gyara sai fasawa.

A shafin ƙarshe na kundin da na miƙa wa asibitin na rubuta iyakokin lissafin da harshen da ma'aikacin kula da gini zai gane, da Faransanci da kuma Hausa. Hasumiyar ta tankin lita 10,000 ce, idan aka so ɗora wanda ya fi shi ko a jera na biyu a gefensa sai an sake lissafi. Kada a cire tokare ko ɗaya domin a sami wurin ajiye kaya a ƙarƙashi, abin da ake yawan yi. Idan aka sauya janareton, a kawo nauyin sabon da takardar sifirinsa kafin a hau da shi, a kuma duba ratar matari da taurin noti bayan kowace damina. Na ƙara da tulunan iskar oksijin da na gani a jere a baranda ba tare da sarƙa ba, ko da yake ba sa cikin kwangilata, na ba da zanen maratayin bango mai sarƙa biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kuma maigidan waldar ya haɗa shi da ragowar angul ɗin hasumiyar.